Kajin da Suka Zo Gudun Hijira

Kajina irin durgu ne, masu gajerun ƙafafun nan da in suna tafiya sai ka ce ciki suke ja. Asalinsu daga hannun innata ne, Allah ya jiƙanta. Da na haifi ɗiyata ta fari, Inna ta taso daga ƙauyenmu na wajen Sabuwa ta zo Mairuwa zaman jego, da kaza guda a kwando, baƙa mai ɗigon fari a wuya. Ta ce ba ta yanka ba ce, ta kiwo ce. Tun daga kan wannan kaza iri bai yanke a gidana ba, shekara ashirin da wani abu. Ƙauyen namu yanzu babu kowa, mutane sun watse saboda halin da ake ciki, an ce ɗakin Inna ma ya zube. Ban da kajin nan ba ni da wani abu nata da ya rage, ko da ƙwarya ce.

Ciwon ƙugu ya same ni bayan haihuwa ta shida. Daga tsatso yake tasowa, ya bi cinyar hagu ya sauka a gwiwa. An kai ni asibiti a Faskari, an kai ni Kankara, na sha ƙwayoyi, na sha jiƙe-jiƙe, an yi mini ƙaho. Wani ya ce amosani ne, wani ya ce sanyi. Abin da na gane da kaina shi ne ya zo zama. Wata rana yakan lafa har in yi daka, wata rana ko buta sai an miƙo mini. Duƙawa ce babbar wahalata. A zaune nake salla, tsintsiyata kuma maigidan ya ɗaura mata sanda don in yi shara a tsaye.

Kajin su ke fitar da ni daga ɗaki. In na idar da sallar asuba na ɗan kishingiɗa, jiki yakan ce in yi zamana, sai in ji su suna ture murfin akurki, zakara yana ta faman cara. Ba a iya kwanciya da wannan a kunne. Sai in dafa bango in miƙe. Kafin in watsa musu dusa in zuba ruwa a kasko, ƙugun ya ɗan saki, sauran aikin gida ya biyo baya. Shekarar da nake ba da labari ina da goma sha ɗaya: zakara ɗaya, manyan kaji huɗu, sauran matasa ne da ba su fara ƙwai ba. Babbar cikinsu wata baƙar tsohuwa ce da ta fi kowace kama da wadda Inna ta kawo.

A wajenmu, in ciwon kaji ya shiga unguwa, mace takan kwashi nata ta kai gidan 'yar uwa a wani gari su zauna har ciwon ya wuce. Cikin wasa muna ce masa gudun hijira. Inna ta yi, ni ma na taɓa yi. Kuma ba a ƙi. In ka ƙi, kamar ɗan uwanka ne ya zo da kayansa a ka, ka rufe masa ƙofa.

Wata Laraba da hantsi, bayan an gama yankan dawa, sai ga yayata da ke aure a Pauwa ta sauko daga mashin da kwando a hannu. Kaji huɗu ne a ciki, an ɗaure musu ƙafa.

"Auta, ga baƙi na kawo miki," in ji ta. "Ciwo ya faɗo mana. Gidan maƙwabtana tun shekaranjiya ake kwasar mushe."

Na ce, "Yaya, su dai waɗannan lafiyarsu ƙalau ko?"

"Dube su mana! Jar nan a hanya sai da ta kai mini sara. Marar lafiya na sara? Ai ba irin naki ba ne masu tafiya kamar tsohuwa ta ɗauko tulu."

"Na Inna ne fa kike zagi."

"Na sani. Ni na bar nawa sun ɓace, ke ce mai riƙon gado."

Muka yi dariya. Amma wani abu ya faɗo mini a rai. Lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, an taɓa kawo mana wani malamin dabbobi ya yi mana bayani. Ya ce duk baƙuwar kaza a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Na rubuta a littafina da karkataccen rubutuna. Kuma ina da babban kwandon kife kaji a saman ɗakin girki. Sai dai a sauko da shi, a nemo wani kasko, a riƙa duƙawa wuri biyu safe da yamma. Ranar kuwa ƙugun ya matsa mini, da ƙyar na shimfiɗa wa Yaya tabarma. Ban da haka, na ji nauyin in kife kajinta a gabanta, kamar na ce ƙazanta ta kawo mini. Sai na ce ta kwance su. Da yamma suka bi nawa suka shige akurki ɗaya.

Ni ba na leƙa akurki, don sai an durƙusa. Da sanda nake ture murfin, in ƙirga su suna fitowa. Ranar Lahadi jar nan ba ta fito ba, na ce ko ƙwai take nema ta yi. Litinin ma ba ta fito ba. Sai ranar Talata maigidan ya durƙusa ya zura hannu ya jawo ta, ta riga ta sandare. Kwana biyu ke nan sauran suna kwana a kanta.

Daga nan abin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kaza za ta koma gefe ta yi shiru, fukafukai a ƙasa, ido a lumshe, numfashi yana ƙara kamar minshari, kashi kore-kore. Na daka barkono na zuba a ruwansu. Na jiƙa ɓawon maɗaci. Na sa aka sayo mini ƙwayar nan ja da yalo na farke a kasko. Babu wanda ya tsayar da shi. Maigidan ya wasa wuƙa, duk wadda ta fara langaɓewa ya yanka kafin ta zama mushe. Mun ci nama a makon nan, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Waɗanda suka riga wuƙa kuwa na roƙe shi ya haƙa rami ya binne, kada a jefa a juji kajin maƙwabta su tona. Na Yaya huɗun duk suka tafi. Zakarana ya bi su. Cikin kwana tara saura uku: baƙar tsohuwa da matasa biyu, suna kiwonsu kamar babu abin da ya faru.

Sai ɗiyata ta fari ta kira ni a waya. A Kankara take aure, tana da kaji sun kai ashirin, irin dogayen nan, da su take rufa wa kanta asiri.

Ta ce, "Inna, ki ba Baba ukun nan ya kawo mini gobe. Su zauna nan har abin ya wuce."

Na ce to. Har na ji sanyi a raina. Da safe maigidan ya ɗauko kwando da igiya, ni kuma ina zaune a kujera da littafin nan nawa a cinya, don na tashi da son in sake duba abin da na rubuta. Layi biyu ne kawai. Na biyun cewa yake kaza tana ɗauke da ciwo kwanaki kafin ya nuna.

Na ce, "Malam, ajiye kwandon."

"Mi ya faru kuma?"

"Na Yaya ma lafiyarsu ƙalau ranar da suka zo."

Ya tsaya da igiya a hannu. "To in suka mutu a nan fa? Iri ya yanke ke nan. Ke ce za ki zauna kina share hawaye da bakin zane."

"In na aika su, na yanke nawa, na yanke na yarinya."

Ya dube ni, ya dubi littafin, ya rataye igiyar a ƙusa. "Wanga yaƙi da jahilci naku har kaji ya shafa. Allah ya sa mu ga alheri."

Ɗiyata ba ta ji daɗi ba. Ta ce kajin kakarta ne, ita ma tana da haƙƙi a ciki, kuma kowa haka yake yi. Na ce na sani. Ban iya yi mata dogon bayani ba, don ni kaina ban tabbata ba ko na kashe su ne da hannuna. A wannan ranar na sa aka sauko da kwandon kifewa, na raba ukun da akurkin, abin da ya kamata in yi tun farko.

Matasan biyu suka mutu cikin kwana uku. Rana ta huɗu na tarar da tsohuwar a kwance, wuyanta ya murɗe, baki yana kallon sama. Maigidan ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa.

"Wannan kam ki bari in yanka. Wahala take sha."

Na ce, "Ka ba ni ita zuwa Juma'a."

Ya kife mini turmi a inuwar ɗakin girki, na ɗora tsohuwar ƙwarya a kai na shimfiɗa tsumma, na sa kazar a ciki. Haka ta zo daidai hannuna in ina zaune a kujera, ba sai na duƙa ba. Ba ta iya ci da kanta. Sai in dama kunu marar kauri in bari ya huce, in tallafe kan da hannun hagu in daidaita shi, in buɗe bakin da farce, in ɗiga mata da ƙaramin cokali. In an yi gaggawa sai ta shaƙe, don haka ɗigo ɗaya, a jira ta haɗiye, sannan wani. Bayan kowace salla nake yi, daga asuba zuwa magariba. Dogon zama ma ciwo ne a wurina. In na gama sai na kama ginshiƙi da hannu biyu kafin in miƙe, ƙafar hagu ta mutu har tafin. Wani lokaci nakan ji kaina ina ce mata sannu, da irin muryar da mata ke ce mini in sun zo dubiya, sai in yi shiru, don na san yadda muryar nan take a kunnen mai ciwo.

Juma'a ta zo ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ba. Maigidan bai sake ɗauko wuƙa ba, ni ma ban tuna masa ba. A kwana na sha biyu ta miƙe a cikin ƙwaryar ta faɗi. A na sha tara ta diro ƙasa da kanta, ta yi tafiya tana zagaye wuri ɗaya. Wuyan bai koma daidai ba har yau. In ta kai baki ga ƙwayar dawa sai ta sari ƙasa a gefe. Da na lura, na daina watsa mata, nake cika mata kasko mai zurfi, duk inda bakin ya faɗa akwai abinci.

Yaya ta zo bayan wata guda. Na ce mata amanarta ta mutu a hannuna. Ta ce in rufe baki, ita ce ta ɗauko mini mutuwa a kwando har da biyan kuɗin mashin. Muka ɗan yi kuka. Can kazar ta zo wucewa da kanta a karkace, Yaya ta share ido ta ce, "Auta, wannan harara take yi mini, ta gane ni."

Maigidan ya ƙona kara a cikin akurkin, ya zuba toka, muka bar shi a buɗe har damina ta faɗi. Sannan ɗiyata ta zo da zakara daga Kankara. Na sa aka kife shi a zaure da kaskonsa.

"Inna, har zakarana za ki ɗaure? Laifin mi ya yi?"

"Baƙo ne. Kwana goma sha huɗu."

Tsohuwar ta yi ƙwai bakwai, ta kwanta a kansu da karkataccen wuyanta. Huɗu suka ƙyanƙyashe. Biyu sun ɗauko dogayen ƙafafun ubansu, biyu durgu ne. Shirwa ta ɗauke ɗaya daga cikin durgun ina zaune ina kallo, ban iya tashi da sauri ba. Ɗayar ta rayu, mace ce, kuma daga gare ta na sake tara kaji bakwai. Yanzu in masu rigakafi sun shigo gari nakan sa a kama mini su a ɗiga musu a ido.

Ƙugun yana nan yadda yake, bana ma ya fara taɓa ƙafar dama. Turmin bai koma wurinsa ba, a kansa nake ajiye kaskon tsohuwar, ita kuma ta koyi hawa ta kan wani dutse da aka jingina. Bayan ƙaramar salla na ba maigidan matashiya ɗaya baƙa ya kai wa ɗiyata, don kada iri ya sake zama a gida ɗaya. Da la'asar ta kira ni ta ce kaza ta iso lafiya. Na tambaya ko ta saba da sauran. Ta ce ba su gaisa ba tukuna, tana zaure a kife.