Gwaggo Sadiya da Akun da Ya Hana Shara

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a Roni ya san Gwaggo Halimatussa'adiyya, wadda muke kira Gwaggo Sadiya. Yayar babana ce. Shekara talatin tana matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, amma ba ka ganin ɗigon mai ko ɗaya a tsakar gidanta. Tsafta ta zame mata jaraba, ga faɗa kamar me. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse, ita kaɗai ce a gidan, sai mu da muke leƙawa.

Bara ɗanta Jalaluddeen, direban tirela, ya kawo mata ɗan aku daga Kudu, ruwan toka mai jan bindi. Da farko ta ce ita ba ta son ƙazanta. Kafin sati biyu sai ga ta tana yi masa gulmar maƙwabta.

Da ya yi wata biyar a gidan ya fara cizo. Kullum da safe, in ta gama share tsakar gida, sai ta ɗauki guntuwar tsintsiya ta zura hannu cikin keji, ta share, ta sauya wa gwangwanin ruwa wuri, ta mayar da sandar zamansa inda ta ga ya fi kyau. Akun ya tada gashin wuya, ya sunkuyar da kai, ya gantsara mata baki. Ita kuma ta fizge hannu ta zazzaga masa masifa, shi kuwa ya hau rawa, abin nema ya samu. Yatsunta duk suka zama tabo.

Ran nan jikarta Bahijja, 'yar Jalaluddeen mai shekara shida, ta zura yatsa ta tsakanin wayar keji, ya fasa mata shi har jini. Uban ya ce magana ta ƙare, in ya dawo daga tafiya nan da sati uku zai kai akun Kazaure ya ba wani abokinsa. Gwaggo ta juya ta koma kan turminta. Abin ya ba ni tausayi, don ban taɓa ganin an gaya mata magana ta haɗiye ba.

Washegari na same ta tana ɗaure yatsa da tsumma.

"Gwaggo, ba raini ba," na ce, "ke fa ranar da matar Jalalu ta share miki ɗaki ta matsar da kwallayenki, kwana uku kika yi ba ki amsa gaisuwarta ba."

"To, ai ɗakina ne. Ta faɗo mini ko sallama babu."

"Shi ma nan ɗakinsa ne."

Ta harare ni, ta ce in tashi in ba ta wuri. Na tashi.

Amma daga ranar ta ajiye tsintsiya. Sai ta tsaya a bakin keji ta yi sallama sosai, irin ta gidan surukai, ta buɗe ƙofa, ta ja da baya ta zauna a kujerarta tana ɓarar gyaɗa. Kwana huɗu bai fito ba, kuma kwana huɗun nan kejin bai ga shara ba. Na san rashin sharar nan ya ci ranta. A na biyar ya leƙo. Ta miƙa masa karan dawa, ya cije shi, ba ta motsa ba, ba ta yi tsawa ba. Da ya gaji ya taka ya hau, ta ba shi gyaɗa ɗaya. Daga nan ba ta share kejin sai yana waje a kan igiyar shanya. In ya tada gashin wuya, ta ce yau maigidan ba ya son baƙi, ta koma kan turminta.

Da sati uku ya cika, Jalaluddeen ya dawo da kwalin da zai sa akun a hannu, Bahijja tana bayansa.

"Inna, na zo."

"Na gan ka. Zauna."

Ta sa Bahijja ta yi sallama ta buɗe ƙofar keji, ta koma gefe. Aka yi ta jira har Jalaluddeen ya fara duba waya. Can akun ya sauko, ya hau wuyan hannun Gwaggo. Yarinyar ta buɗe tafin hannu da gyaɗa, tana runtse ido, ya ɗauka a hankali ya juya mata baya.

Jalaluddeen ya sosa ƙeya. Gwaggo ta karɓe kwalin ta cika masa shi da ƙuli-ƙuli, tana faɗan ya rame.

Bayan sun tafi ta koma kan kujerarta. Ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Da ya tafi da shi, wa zai amsa mini in na yi magana a gidan nan?"