Ranar da Edwige Mai Kitso Ta Shiga Binuwai

Duk wanda ya zauna unguwar Yelwa a Garoua ya san Edwige mai kitso, wadda ake kira Maman. Ko mutum bai san fuskarta ba, ya san muryarta, don idan tana hira a gindin darbejiyar ƙofar gidanta, masu moto, wato 'yan acaɓa, a bakin titi ma suna ji.

A kan duwatsun bayan Guider aka haife ta, a gidan manoman dawa. Aure ne ya sauko da ita birni. Mijinta Marcel direban motar auduga ne, yana yin hanyar Touboro, kuma shi ya fara kai ta majami'a. Ta shiga zumuntar mata, ta zama mai buga tulu, ta haddace waƙoƙi da Hausa da Fulatanci. Ba ta fashin Lahadi. Amma har ta yi furfura, har Marcel ya rasu, Edwige ba ta yarda an yi mata baftisma ba.

Dalilinta kowa ya sani, don ba ta ɓoyewa. Tun tana amarya surukarta ta koya mata wankan gawa, kuma tun daga nan duk macen da ta mutu a ikkilisiya ita ake kira. Ta wanke tsofaffi, ta wanke masu jego, ta wanke yara.

"Yesu ina son sa," in ji ta ga duk faston da ya tuntuɓe ta. "Amma a tsayar da ni cikin ruwa a ce in furta matattu za su tashi? Fasto, hannun nan ya taɓa sanyinsu. Babu wadda ta taɓa motsa mini ko ɗan yatsa. Ba zan yi wa Allah ƙarya a gaban jama'a ba."

Fastoci suka zo suka wuce, kowanne ya gwada ya haƙura.

Babbar ƙawarta ita ce Madeleine, mai sayar da busasshen kifin tafkin Maga a kasuwa. Tare suke zama a benci ɗaya, tare suke gardama a hanyar komawa gida. Madeleine ba ta iya karatu ba, amma ba a taɓa kayar da ita a magana ba.

Da ciwon ciki ya kwantar da Madeleine, aka yi ta kai ta lopital, wato asibiti, har likitoci suka ce a mayar da ita gida. Wata rana da la'asar ta aika a kira Edwige. Ta same ta a tabarma ta rame, idanu kawai suka rage.

"Adda, zauna," in ji Madeleine. "Ke za ki wanke ni, na sani. To, ki yi mini shuku, ƙanana, irin na biki. Kada ki bar ni in tashi a gaban Ubangiji da kai kamar sheƙar tsuntsu."

Edwige ta zauna kusa da ita. "Ke dai ba kya rabuwa da wasa. Idan ba ki tashi ba fa?"

"Zan tashi."

"Kin gani ne?"

"Ina zan gani, ni da ban mutu ba tukuna? Na dai san wanda ya yi alkawarin. Ke dai ki yi kitsonki."

Ba a yi nisa ba Madeleine ta cika. Da safe Edwige ta zo da matsefinta da man kaɗanya. Viviane, 'yar marigayiyar, ta riƙe mata kan. Jikin nan sanyi ƙalau, kamar na kowa. Babu wani haske, babu wata alama. Edwige ta tsaga gashi ta fara kitso, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ta kusa gamawa sai ta ga layi ɗaya ya karkace wajen kunne. Ta sa matsefi ta warware shi.

"Maman, ki bar shi," in ji Viviane. "Maza suna jira a waje. Ɗankwali za a ɗaura mata, babu mai gani."

"Babu mai gani kamar yaya?" Edwige ta daka mata tsawa. "Ita fa? Idan ta tashi ta shafa ta ji ya karkace, me zan ce mata?"

Matan da ke riƙe da zane suka dubi juna. Edwige kanta ta tsaya da matsefi a hannu, baki buɗe, kamar wata ce ta yi maganar. Sai ta sunkuya ta sake layin, ya fito sambal.

Ana dawowa daga makabarta ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta tare moto, ta haye, tana dukan kafaɗar mai tuƙi tana cewa ya ƙara wuta. Ta sami Fasto Fabrice, wanda aka turo musu bara, ya cire takalmi ke nan zai sha ruwa.

"Fasto, ban ga komai ba!" ta ce tun daga ƙofa. "Sanyinta ɗaya da na sauran. Amma na tsefe kitso na sake, don ina tsoron faɗanta ranar da za ta tashi. Ashe ina jiran ta ban sani ba! Wannan shi ne abin, ko da saura?"

Fasto ya ajiye kofi. "Maman, ni ma ban gani ba."

"Kai ma?"

"Ni ma. Na binne mahaifina, na binne ɗan'uwana, ina jira ne kamar ke."

Edwige ta tafa hannu. "Kayya! Shekara da shekaru ina tsammanin ku an nuna muku wani abu a makarantarku, ni ce aka bari a baya!" Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta zauna a ƙasa dirshan. Da ta share ido ta ce, "Shakkar fa ba ta tafi duka ba."

"Ki zo da ita," in ji shi. "Kogin Binuwai yana da faɗi."

Kafin yamma labari ya gama Yelwa. Aka sa baftismar ranar Ista, wadda a nan ake ce wa Pak. Zafin Afrilu ne, Binuwai ya janye ya bar yashi fari fat, amma jama'ar da ta fito ba a taɓa ganin irinta a baftisma ba. Matan zumunta sun sha anko, tulu da caki suna tashi. Matan da ta yi wa kitson aure sun zo da 'ya'yansu. Har maƙwabciyarta Hajiya Asta, musulma, ta biyo su da bokitin zoɓo mai ƙanƙara, ta ce yau sai ta ga abin da ya kayar da taurin kan Edwige.

Matasa suka fara shiga kogin, sannan aka kira Edwige. Ta kutsa ruwa cikin farin zane, ba ta jira a kama mata hannu ba. Fasto ya yi mata tambayoyi tana amsawa. Da ya zo kan tashin Yesu da tashin matattu, masu kiɗa suka tsaya cak.

Edwige ta juya ta fuskanci jama'a. "Ku ji da kyau, kada a ƙara mini magana!" ta ce da muryar nan tata. "Ban gani ba! Na gaskata!"

Fasto ya nutsar da ita. Ta taso tana tari tana furzar da ruwa, guɗa ta ɓarke daga gaɓa har masu wanki a can nesa suka miƙe suna leƙe. Viviane ta faɗa kogin da kayanta ta rungume ta. Edwige ta fizge tulu daga hannun wata, jikinta na zubar da ruwa, ta ɗauki waƙa. Takalminta ɗaya ya bi ruwa, ta cire ɗayan ta cilla masa. Yashi na ƙona ƙafa, ita kuwa ta ce ai shi ya sa rawar ta yi daɗi. Haka suka tako har cikin gari, motoci na tsayawa ana tambayar auren wa ake yi.

Yanzu ta tsufa, yatsunta sun fara ƙagewa, amma ana kiranta wankan gawa kuma tana zuwa. Akwai ranakun da take dawowa shiru, ta ce wa Viviane yau abin ya yi mata nauyi. Viviane takan dafa mata shayi ta zauna kusa da ita. Idan Lahadi ta zo, Edwige takan aika a gaya wa matan zumunta kada kowa ya taɓa mata tulunta, tana nan tafe.