Yahaya Mai Lambu da Maganin Feshi

Shekara goma sha bakwai Yahaya ya yi yana noman tumatir da albasa a wani kwari cikin duwatsun Ayar, arewa da Agadez. Ruwan lambunsa daga wani ɗan rafi yake gangarowa, kuma kullum mazari na shawagi a kansa, ƙwaron nan mai dogon jiki da fikafikai huɗu. Yahaya na son su, don sauro suke ci.

Wata shekara faɗa-wuta ta fito daga kurmin ƙaya da ke bayan lambun, ƙanana, masu launin toka. Ba ita ke ɓarna ba, tsutsarta ce. Kafin sati uku ganyen tumatir ya bushe, 'ya'yan suka ruɓe a tsaye.

Ya sauko kasuwar Agadez neman magani. Wani ɗan tebur ya miƙa masa bido, wata 'yar jarka marar rubutu, ya ce, "Wannan ko kunama ba ya bari."

Ƙanwarsa Souwaiba, wadda yake sauka gidanta, ta shinshina murfin ta kau da kai. "Yaya, warin nan ba na lafiya ba ne."

"Yunwa ma ba ta lafiya ba ce," in ji shi.

Kwana huɗu yana feshi, rawaninsa kawai ya rufe hanci da shi. Ya wanke famfon feshin a rafi. Da safe ya tarar da mazari birjik a bakin ruwa, sun mutu. Faɗa-wutar kuwa ta koma cikin ƙaya, bayan sati biyu ta dawo kamar ba a yi komai ba.

Tari ya fara masa kafin a cire albasa. Daga baya hannuwansa suka soma rawa, har ba ya iya riƙe fartanya. A likita aka ce huhunsa ya taɓu, sai dai a lallaɓa.

Ya bar wa maƙwabcinsa lambun, ya tare gun Souwaiba. Yakan zauna zaure yana tsinke mata zogalen da take dafawa ta sayar. In mutanen kwari sun kawo kaya kasuwa suka biyo gaishe shi, tambayarsa ɗaya ce: "Mazari sun dawo?"

Wani lokaci su ce e, wani lokaci su sauya zance.

Ya rasu a bazara ta biyu, ran Laraba bayan azahar, yana da shekara arba'in da shida.