Mijin Yayata da Farar Shamuwa

Mijin yayata ya yi shekara talatin yana tantance wasiƙu a gidan waya. Da ya yi ritaya, sai muka zaci zai zauna ya gyara famfon banɗakinsu da ya shekara biyu yana ɗiga. Ina! Madubin hangen nesa ya sayo na hannu, da hula mai faɗin baki, da wani ƙaton littafi mai hotunan tsuntsaye, ya ce shi yanzu masanin tsuntsu ne. 'Yan layinsu suka sa masa Farfesa. Shi kaɗai ne bai gane ba'a ake yi masa ba.

A lokacin ina zaune a gidansu, saboda haka na ga komai da idona. Mutumin da bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba, sai ya zauna ya yi maka awa guda yana bayanin ƙaurar tsattsewa. In Yaya ta ce, "Maigida, famfon nan fa," sai ya ɗaga mata hannu.

"Shiru! Ba ki ji wannan kukan ba? Baƙo ne, daga nesa ya zo."

Sau da yawa ƙofar maƙwabta ce ke ƙara.

Gaskiyar maganar, duk iliminsa na Gwaggo mai lambu ne. Wata tsohuwa ce da ke noman latas da albasa a bakin fadamar bayan unguwa. Ba ta taɓa riƙe littafi ba, amma idan bazara ta kama, tsuntsaye masu ƙaura suka fara ratsowa za su arewa, ta san wanda zai fara sauka da wanda zai biyo baya, da inda kowanne yake kiwo. Farfesa zai je ya tsaya a kanta, hannu a baya, ko sannu da aiki babu.

"Iya, me kika gani yau?"

Ta faɗa masa. Ya dawo gida ya rubuta a wayarsa, ya tura wa ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye: na gani, na gano, na tabbatar. Sunanta bai taɓa fitowa ba. Da na yi masa magana, cewa ya yi, "Ke yarinya ce. Ita gani kawai take yi, ni ne nake fahimta."

Wata rana Gwaggo ta ce masa fararen shamuwa guda bakwai, masu jan baki da jan ƙafa, sun sauka da sassafe, kuma da wuya su wuce kwana uku. Ai kuwa ya baza labari. Ranar Asabar sai ga mota biyu a ƙofar gida, mutum tara, da kyamarori masu dogon hanci. Shugabarsu wata likitar dabbobi ce, mai magana a hankali. Yaya ta ce in bi su da ruwan sha.

Farfesa bai tambayi Gwaggo ko ta wane gefe suka sauka ba, don kada a gan shi yana tambaya. Ya ja mutane ta bayan makaranta, ta cikin shara, ta gonar da aka yi wa huɗa, har rana ta take. Takalmin wani bawan Allah ya maƙale a taɓo. Can sai Farfesa ya ƙame, ya kafa madubi a ido, ya nuna da yatsa.

"Ga su can! Ku durƙusa!"

Manya da su suka durƙusa. Likitar ta duba, ta sake dubawa, sannan ta sauke kyamararta.

"Malam, ai waɗannan belbelu ne. Ga shanun da suke bi ma."

Na so ƙasa ta tsage in shige, ba don shi ba, don Yaya. Shi ko gezau. Ya ce haske ne ya yi yawa, kuma madubin yana da matsala.

Muna komawa muka ratsa ta lambun Gwaggo. Tana tsugune tana cire ciyawa. Likitar ta gaishe ta da ladabi, ta tambaye ta ko ta ga wasu fararen tsuntsaye manya.

"'Yan nan, ai kun baro su," in ji Gwaggo. "Ku bi bakin rafin nan, ku wuce bishiyar da ta faɗi, ku daina surutu. Biyar suka rage."

Biyar ɗin muka tarar, suna takawa cikin ruwa a natse, suna tsintar kwaɗi. Ni da ban damu da tsuntsu ba, sai da na tsaya ina ta kallonsu. Farfesa yana bayanmu yana cewa, "Nan ɗin nake nufin kawo ku tun farko." Ba wanda ya juyo.

Tun daga ranar, idan 'yan ƙungiyar sun zo, kai tsaye lambu suke wucewa. Sun saya wa Gwaggo waya, likitar kuma ta sa sunanta a jerin membobi. Farfesa ya fice daga ƙungiyar, ya ce ba su da tsari, kuma hassada ta yi musu yawa.

Yanzu a kan rufin gida yake zama da safe, kan kujerar roba, yana kallon tantabarun maƙwabta yana ba su sunaye daga littafinsa. Makon jiya na je gaishe su, na ji yana gaya wa mai kawo gas cewa shi ne ya koya wa tsohuwar nan duk abin da ta sani. Yaya tana yankan kabeji, ko kai ba ta ɗaga ba.