Bashin Mai Lilo

Ɗiyata ta fari ta rasu a daminar da ta wuce, ta bar 'ya'ya da jika guda. Masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinta, kowa da abin da ya sani. Ni kuwa abin da yake yawan dawo mini, in na zauna bayan la'asar, shi ne wani rani tana ƙarama, lokacin da ta ƙi yafe wa mamaci bashi.

A shekarun nan ɗinki nake yi a Kusada. Naira ba ta daɗe da shigowa ba, tsofaffi suna nan da lissafinsu na sule, kuma kuɗi sun ɗan sauko hannun mutane, har manomi yakan ɗinka riga ba don salla ba. Ranar kasuwar Kankiya nakan ɗaure kaya a bayan keke in tafi. In babu makaranta sai in ɗora yarinyar a gaba, a kan tsumman da na naɗe wa ƙarfen. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunan ba. Uwata nake ce mata.

A bayan tasha akwai wani fili da aka kewaye da langa-langa, ana ce masa gidan lilo. Mai shi tsohon makaniki ne da ya yi shekaru a kudu. Da hannunsa ya haɗa wani babban lilo mai kama da ƙafar keke a tsaye, da akwatuna rataye a jiki, injin niƙa ne yake juya shi. A gefe akwai ƙarami mai zagayawa a ƙasa don ƙananan yara, da garmaho mai kiɗa a kan benci. In akwatinka ya kai can sama kana ganin titin Kano ya miƙe, da rumbuna, da kukokin wajen Tafashiya.

Shi ya kawo dabarar kati. Maimakon ka biya kowane hawa, sai ka sayi kati guda bayan girbi, ka hau iya son ranka har ruwan farko ya sauka, domin da damina yakan lulluɓe injin da tamfol ya tafi gona. Katin ɗan kwali ne ja, ya dangwala masa yatsa da baƙin mai. Na saya mata guda, na sa mata a tafin hannu na ce, “Naki ne, uwata, halak malak.” Na ɗinka masa 'yar jaka kamar laya ta rataya a wuya.

Da ya hango mu sai ya ce, “Hajiyar Kusada ta iso, a tada jirgi.”

Ita kuma ta ce, “Baba mai lilo, jirgin naka warin barkono yake yi.”

“To injin niƙa ne, hajiya, bai manta sana'arshi ba.”

Ni sai in bar ta nan in tafi rumfata, hankalina kwance.

Rani bai kai rabi ba mai lilo ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Ya zo daidai da ranar kasuwa, na samu jana'iza. Kafin a ɗauke shi ƙanensa ya miƙe kamar yadda ake yi, ya ce duk wanda ya san yana bin marigayi wani abu ya faɗa, ko ya sami iyalinsa a gida. Sai wani dattijo daga Kafin Soli ya ce, “To katin lilo fa?” Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Amma liman ya ce wannan ma bashi ne, tunda an karɓi kuɗi aiki bai ƙare ba. Nan take mutane suka fara cewa sun yafe. Ni ma na ce na yafe, da zuciya ɗaya. Ƙanen ya ce wanda yake son kuɗinsa ya zo bayan sadakar uku. Aka sa wa ƙofar gidan lilo sarƙa, domin ba mai taɓa dukiyar mamaci sai an raba gado, matarsa kuma ta shiga takaba.

Da na gaya wa yarinyar, kuka ta fara yi, don shi. Sai da ta share fuska ta ce, “Yaushe za a buɗe?”

Na ce ban sani ba, kuma zancen kati ya wuce, an yafe.

“Wa ya yahe?”

“Ni.”

“Ai ba naka ba ne, Baba. Kai ka ce nawa ne.”

Uwarta tana tankaɗe ta ɗago ta ce, “Ke, rufa mana asiri. A gidan nan za a ce ana bin gawa bashi?”

Yarinyar ta riƙe jakar wuyanta.

Washegari na je wajen malamin unguwarmu, wanda take karatun allo a zaurensa, da nufin ya yi mata faɗa. Na same shi yana ɓarar gyaɗar iri. Ya saurare ni bai daina ɓara ba, sannan ya ce, “Ka ba ta?”

Na ce na ba ta.

“Ta amsa da hannunta?”

Na ce ta amsa.

Ya yi dariya ya ce, “To malam tela, ka yi kyauta da akuyar maƙwabci. Je ka amso mata kuɗinta kowa ya huta.”

Sai dai ita ba kuɗi take so ba. Ta ce hawa aka yi mata alkawari har ruwa ya sauka, kuma ruwa bai sauka ba. Na bar maganar, ina ganin za ta manta. Ashe 'yan'uwanta a makarantar allo sun gaya mata cewa mamacin da ake bi bashi ba ya samun kwanciya. Na lura ta rage surutu, tana barin tuwo a kwano. Wata rana muna cin abinci ta ce, “Baba, saboda ni ne bai kwanta ba?” Tana son mutumin nan, tana kuma son lilonta, kuma ba ta iya faɗin ta yafe alhali zuciyarta ba ta yafe ba. Da kasuwa ta zagayo na ɗauke ta muka tafi gidan marigayin.

Ƙanen ne ya tare mu a zaure. Mutumin kirki ne, amma ya gaji da zancen kati, kuma ya riga ya yi zancen sayar da lilon da masu sayen ƙarfe daga Kano. Ya zaro kuɗi daga aljihu ya miƙa mata. Ta mai da hannuwanta baya.

“Amshi mana, 'yan mata.”

Ta girgiza kai.

Sai muka ji muryar matar daga bayan zana tana tambaya ko su wane ne. Ya ce telan Kusada ne da ɗiyarsa.

“Hajiyar Kusada? Kullum sai ya yi mani zancenta. Ku turo mani ita.”

Ta shiga, suka daɗe. Ban ji abin da suka faɗa ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Mu dai muna zaure muna zancen tsadar taki. Can matar ta matso kusa da zanar, ta gaishe ni, sannan ta yi wa ƙanen mijinta magana a hankali. Ta ce in an zo rabon gado, a sa lilon a kasonta ita da 'ya'yanta, kada a sayar. Ta ce bashin katin nan ta ɗauke shi daga wuyan mijinta ta ɗora a nata, mu zama shaida. Duk mai kati da bai karɓi kuɗi ba, katinsa yana nan da rai rani mai zuwa, tun daga girbi har ruwa.

Ya ce, “Wa zai tada injin?”

Ta ce babban ɗansu ya gaji da bin manyan motoci, zai dawo gida.

“To waɗanda suka yahe fa?”

“Sun samu ladarsu. Su zo su hau.”

A hanya yarinyar ta sa na tsaya wajen malam kafin mu shiga gida. Da bakinta ta tambaye shi. Ya ce mata in mai rai ya ɗauki bashin mamaci a gaban shaidu, to mamacin ya huta. Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Jiran ya yi tsawo. Damina ta zo ta wuce, matar ta fita takaba, rabon gado ya ja lokaci saboda wata gona. Aka yi girbi, injin ya ƙi tashi, sai da aka nemo masa wani ƙarfe a Kano. Duk ranar kasuwa sai mun bi ta bayan tasha ta leƙa ta ɓular langa-langa, ta gaya mini abin da ya sauya, ko an cire tamfol, ko an shafa wa akwatuna shuɗin fenti. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ni ma na saba da wannan ɗan ratsen, har nakan ji daɗinsa.

Ranar da aka cire sarƙar, mutane sun fi yadda ake zato. Dattijon Kafin Soli ya zo da jikokinsa, shi ma ya hau, yana riƙe da hularsa da hannu biyu yana salati. Ɗiyata ta ƙara tsawo, sai da ta naɗe ƙafa a cikin akwatin. Na tsaya a ƙasa ina kallonta tana hawa tana sauka, ban buɗe rumfa ba sai wajen azahar.

Haka ta yi ta hawa duk ranin nan. Da ruwan farko ya sauka, kasuwar da ta biyo baya ta ce in kai ta gidan matar. Ta shiga ta gaya mata an biya, ba ta bin kowa komai. Ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu. Muna kan keke, ƙasa tana ƙamshin ruwa, ta ce, “Baba, katin baɗi fa?” Na ce mata bari mu ga yadda ɗinkin salla zai yi.