Kawunan Jatan Lande

A shekarar farko ta aurenmu, lokacin Kontagora tana cikin Jihar Arewa maso Yamma, ina koyarwa a wata makarantar sakandare, matata kuma tana da cikin fari. Laulayi ya kama ta har ta kwana uku ba abin da ya zauna a cikinta sai ruwan koko. Ungozomar asibiti ta ce idan aka kai Juma'a a haka za a kwantar da ita a yi mata ƙarin ruwa. Ita kuwa ba abin da take tsoro kamar gadon asibiti, domin a kansa yayarta ta rasu.

Ranar Talata da na dawo daga makaranta, ta ce mini ba tare da ta ɗago kai ba, "Malam, da zan sami dafa-duka da jatan lande irin ta innarmu a Auna, ina jin da na ci."

Ban taɓa ɗora tukunya ba. Shekara uku na yi a jami'a ina cin abin da wasu suka dafa, ina kuma kushe shi. Na hau keke zuwa kasuwa, na sami wata dattijuwa Banufiya mai sayar da busasshen kifi, ta auna mini jatan lande gwangwani ɗaya.

"Wa zai dafa?" in ji ta.

"Ni ne, Inna."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "To, Allah ya ba marar lafiya haƙuri."

Ta soma yi mini bayanin yadda ake yi, na katse ta da cewa na gane. A lokacin gani nake mai digiri ba ya ɗaukar darasi a bakin rumfa.

A gida na kunna risho, na soya albasa da tattasai da daddawa a manja, na tsaida ruwa, na zuba shinkafa. Sannan na zauna na bi jatan landen ɗaya bayan ɗaya ina cire kai, da irin tsaftar da muke koya wa ɗalibai, na watsa wa kajin maƙwabta kawunan. Kafin magariba abinci ya nuna.

Ta tashi zaune, ta shinshina, ta juya shinkafar da cokali. "Ina kawunan?"

"Na watsa wa kaji. Ƙaya ce kawai."

"Su ake dakawa a zuba tun ruwa bai tafasa ba, Malam. Daɗin duk a nan yake. Ashe kaji ka yi wa girki, ni ka kawo mini saura."

Kunya ta kama ni, na miƙa hannu zan ɗauke kwanon, sai ta riƙe shi. Ta kai cokali ɗaya baki, ta dakata. Ni ma na dakata, idona a kan bahon aman da muka ajiye kusa da gado. Ta kai na biyu. A hankali ta ci fiye da rabi, tana ci tana lissafa mini laifuffukansa: gishiri ya yi kaɗan, manja bai soyu ba.

Na sha tambayar kaina ko yunwa ce ta sa ta ci, ko tausayin mutumin da ta gani tsaye da manja a hannun riga. Sau ɗaya na tambaye ta, ta ce in je in tambayi kajin.

Washegari na koma rumfar dattijuwar, na sauka daga keke, na tsaya har ta gama bayaninta. Juma'a ta zo, ungozoma ta duba matata, ta ce mu koma gida.