Kujerun da Muka Fitar Lungu

Da la'asar aka soke ɗan yayata da wuƙa a lungunmu na unguwar Hindawiyya a Jidda, ido na ganin ido, saboda wayar hannu kawai. Daga tashar jiragen ruwa yake dawowa, ko takalmin aiki bai cire ba. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Da askarawa suka zo neman shaida sai kowa ya makance. Ni kam na zage su tas, manya da yara, ko da yake na san dalili. Rabin lungun ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk wanda ya je ba da shaida takardarsa za a fara tambaya. Haka muka saba, a fizge jakar wance a ce Allah ya mayar da alheri, a fasa kan wane a ce ƙaddara.

A Jidda kujerun haya ake jerawa a titi don zaman makoki, kwana uku shi ke nan a kwashe. Ranar da aka kwashe namu, yayata ta fito da kujerarta ta roba, ta dasa daidai inda ɗanta ya faɗi. Ta ce nan za ta riƙa zama kowace la'asar har wani ya tuna abin da ya gani. Wallahi na ɗauka ta zare. Sai na ɗauko tawa, don kada a ce mun bar ta ita kaɗai.

Maƙwabciyarmu Bahaushiyar Sudan ta fito da shayi da tata kujerar. Mata suka ƙaru, kunya ta fito da maza. A nan aka shirya cewa masu iƙama su za su riƙa kiran hukuma, samari kuma su riƙa tarbo matan da ke dawowa daga talla a kasuwar Balad. Masu ƙwace suka daina bi ta wajenmu. Amma shaida shiru, yayata sai ramewa take.

Akwai tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin lungun, wadda ta zo aikin hajji tun ba a haife ni ba ta yi zamanta. Wata la'asar ta ajiye farantinta a kan kujera ta tsaya gaban yayata.

"'Yar nan, tashi ki raka ni wurin hukuma. Na ga fuskar wanda ya soke shi."

"Inna, ba ki da takarda fa."

"Na sani. Tun ɗanki yana rarrafe nake ba shi gyaɗa."

An kama wanda ya yi kisan. Tsohuwar kuma aka mayar da ita ƙasarta, inda duk waɗanda suka san ta sun mutu. Raina ya ɓaci har yau, ban ma san da wa zan yi faɗa ba.

Muna nan muna zama kowace la'asar. Farantin da ta ce a riƙe mata yana wurinmu, yayata ke fito da shi ta goge, ta ɗora a kan kujerar da tsohuwar ta ajiye shi.